Bashin karatu a Amurka ya fi ƙarfina: wace kariya doka ta ba ni?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Ohayo a Amurka ya rubuto cewa ana bin sa bashin karatu dala 38,000, ana neman ya riƙa biyan dala 412 duk wata, kuma yau wata biyar ke nan bai biya ko sisi ba. Yana aiki a gidan kula da tsofaffi, abin da yake samu a shekara dala 52,000 ne, matarsa ba ta aiki, suna da yara biyu. Da ya kira kamfanin da ke aiko masa takarda sai aka ce ana iya ɗage masa biya na shekara guda. Wani kuma ya bugo masa waya ya ce in ya ba da dala 900 za a yafe masa bashin gaba ɗaya. Yana tambaya: za a ɗaure shi? Ya karɓi ɗagewar? In ya tattara ya koma Najeriya, bashin ya mutu? Sannan ƙaninsa da zai zo digiri na biyu yana so ya tsaya masa a wani bashin, ya tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, ba a ɗaure mutum a Amurka don ya kasa biyan bashin karatu. Abin da kawai ka iya jawo kamu shi ne kotu ta aiko maka sammaci ka ƙi zuwa, kuma wannan laifin raina kotu ne, ba na bashi ba. Ba kuma kai kaɗai ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa: mutum wajen miliyan 43 gwamnatin tarayyar Amurka ke bi bashin karatu, kuɗin ya haura dala tiriliyan 1.6. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne wata biyar ɗin nan da ka yi shiru, domin akwai agogon da ke tafiya, kuma ka riga ka cinye fiye da rabinsa.

Kafin komai ka tabbatar wa ke bin ka. Shiga studentaid.gov da sunanka da lambar sirrinka. Duk bashin da ka gani a can na gwamnati ne, kuma shi ne ke da kariyar da zan yi maka bayani. Wanda bai fito a can ba na banki ne ko na wani kamfani, dokarsa daban. Daga 2010 kusan duk sabon bashin karatu na tarayya Ma'aikatar Ilimi ce ke ba da shi kai-tsaye. Kamfanin da kake ganin sunansa a saman takarda, ko MOHELA ne ko Nelnet ko Aidvantage ko Edfinancial, ɗan kwangila ne da aka ɗauka ya riƙa karɓar kuɗi yana amsa waya. Ba kuɗinsa ba ne, kuma ba shi da ikon hana ka abin da doka ta ba ka. Daga adadin da ka faɗa da yadda aka tsara maka biyan, zan ɗauka naka na gwamnati ne.

Ga yadda agogon yake. Da ka wuce ranar biya da kwana ɗaya an rubuta ka makara. A kwana 90 sai a kai sunanka wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, makin kiredit ɗinka ya faɗi. Wannan ya riga ya same ka, kuma za ka ji shi ranar da ka je neman hayar gida ko bashin mota. A kwana 270 sai a saka ka cikin jerin masu taurin bashi, a nan ne gwamnati ke fito da ƙarfin da babu wani mai bin bashi da ke da irinsa. Tana iya umartar wurin aikinka ya riƙa yanke har kashi 15 cikin ɗari na albashinka ba tare da ta je kotu ba, takardar gargaɗi ta kwana 30 kawai za ta aiko. Tana iya riƙe rarar harajin da ake mayar maka a farkon shekara, har da kuɗin yara da iyalai da yawa ke jira su biya haya ko su aika gida. Tana iya taɓa kuɗin fanshon gwamnati na tsofaffi. Ba za a sake ba ka tallafin karatu ba, ba za ka samu bashin gida mai garantin gwamnati ba. Kuma tun 1991 aka cire wa'adin da bashin ke tsufa, ko bayan shekara 30 ana iya bin ka. An dakatar da wannan karɓar ta dole a Maris 2020 saboda korona, mutane suka saki jiki, sai ga shi a Afrilun 2025 ma'aikatar ta sanar da komawa kanta daga 5 ga Mayu. Kai yanzu kana wajen kwana 150. Saura maka kamar wata huɗu.

To, sai maganar ɗagewar da aka yi maka tayi. Kada ka karɓe ta a matsayin mafita. A kunne tana da daɗi, shekara guda ba wanda zai dame ka. Amma kuɗin ruwa ba ya tsayawa. Biyan dala 412 a wata a kan dala 38,000 na shekara goma yana nuna ruwan bashinka ya kai wajen kashi 5.5. Ma'ana kowane wata dala 174 ke hawa kanka, a shekara dala 2,090. Ka dawo bayan wata goma sha biyu ka tarar ana bin ka sama da dala 40,000, albashinka na nan yadda yake, takardar dala 412 kuma ta dawo, wataƙila ma ta ƙaru. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne watannin ɗagewa a ƙa'ida ba sa shiga lissafin shekarun da ake ƙirgawa kafin a yafe wa mutum ragowar bashi. Ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar lokaci.

Me ya sa to ita aka fara miƙo maka? Saboda ita ce mafi sauƙi ga mai amsa waya. Cikin minti kaɗan an gama, ba takarda, ba lissafin albashi, a ɗauki kira na gaba. Shigar da mutum tsarin biya daidai da samu kuwa yana cin lokaci da bayani, kuɗin da gwamnati ke biyan kamfanin a kan kowane asusu kuma ba ya ƙaruwa don ma'aikaci ya daɗe da kai a waya. Wannan ba zato ba ne. A Janairun 2017 hukumar kare masu mu'amalar kuɗi ta Amurka, CFPB, ta maka kamfanin Navient a kotu, cikin tuhumar har da tura masu fama zuwa ɗagewa a maimakon nuna musu tsarin da ya fi musu. A Janairun 2022 kamfanin ya yi sulhu da manyan lauyoyin jihohi 39 a kan dala biliyan 1.85, bai amsa laifi ba. A Satumban 2024 ya sake amincewa ya biya dala miliyan 120 a shari'ar CFPB, aka kuma hana shi sake karɓar bashin karatu na tarayya. Mutane sun yi shekaru suna sabunta ɗagewa, suna zaton alfarma ake yi musu.

Wuri ɗaya ɗagewa ke da amfani a gare ka: ka nemi a yi maka ita a kan wata biyar ɗin da suka wuce, don a share makarar asusunka ya dawo daidai, yayin da ake duba takardarka ta sabon tsari. Gajeriya, mai dalili, mai ranar ƙarewa.

Abin da za ka nema shi ne tsarin IBR, wato biya gwargwadon abin da kake samu. Majalisa ce ta kafa shi a dokar 2007, ya fara aiki a 2009, shi ya sa ya fi sauran tsare-tsaren tsayawa da ƙafarsa. Bari mu yi lissafinka a fili. Ma'aunin talauci na gwamnati a 2025 ga gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne. Ana ninka shi sau ɗaya da rabi, ya zama 48,225. Wannan kason doka ta ce na ci da sha da haya ne, ba a taɓa shi. A cire shi daga 52,000 ɗinka, saura 3,775. In ka fara cin bashin daga 1 ga Yuli 2014 zuwa sama, kashi 10 na wannan ragowar za ka biya a shekara, a raba wata goma sha biyu, ya kama dala 31 a wata. In kana da tsohon bashi kafin wannan ranar, kashi 15 ne, wajen dala 47. Daga 412 zuwa 31. Wanda samunsa bai kai wancan layin ba, biyansa sifiri ne, kuma sifirin nan ana ƙirga shi a matsayin ya biya. Bayan shekara 20, ko 25 ga masu tsohon bashi, abin da ya rage sai a yafe. Cike takardar kyauta ne a studentaid.gov, kuma in ka ba su izini su ɗauko bayanin harajinka da kansu, ba ta cin rabin awa.

Ba zan ɓoye maka ɗacinsa ba. Dala 31 ba ta rufe ruwan dala 174, saboda haka za ka riƙa biya kana ganin jimillar tana hawa, abin da ke karya wa mutane da yawa gwiwa, balle wanda tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba. Dole kuma ka sabunta bayanin samunka da yawan iyalinka kowace shekara. Wanda ya manta, sai ya wayi gari an mayar da shi kan babban biya. Nan ne mutane suka fi zamewa, don haka ka yarda a riƙa sabuntawa kai-tsaye daga bayanin haraji, ka kuma tabbatar adireshinka da imel ɗinka na yanzu ne ke wurinsu. Sannan sassaucin da ya hana a ɗora haraji a kan bashin da aka yafe ya ƙare a ƙarshen 2025, don haka yafiyar da za ta zo a ƙarshen shekara 20 ana iya lissafa ta kamar kuɗin da ka samu a wannan shekarar. Duk da haka, tsakanin wannan da a riƙa yanke maka kashi 15 na albashi ba shawara, ba sai an yi dogon tunani ba.

Za ka ji ana maganar wasu sunaye, kada su ruɗa ka. SAVE tsari ne da gwamnatin Biden ta fito da shi a 2023, ya fi kowanne sauƙi, mutum kusan miliyan takwas suka shiga. Wasu jihohi suka kai ƙara, kotu ta dakatar da shi a 2024, aka ajiye mutanen a ɗagewar da ba su nema ba, daga 1 ga Agusta 2025 kuma ruwa ya ci gaba da hawa kansu. Wannan ƙofa ta rufu. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta tanadi a kawo ƙarshen SAVE da wasu tsare-tsare biyu na biya daidai da samu, PAYE da ICR, zuwa Yulin 2028, ta bar IBR ga waɗanda suka ci bashinsu kafin Yulin 2026, ta kuma kawo sabon tsari mai suna RAP daga 1 ga Yuli 2026.

RAP ya cancanci ka dube shi da kyau, domin ba duka ya lalace ba. Shi ba ya ware kason ci da sha. Yana ɗaukar kashi 1 zuwa 10 na dukan samunka gwargwadon matakin da kake, ya rage dala 50 a wata a kan kowane ɗa. A matakinka kashi 5 ne: 2,600 a shekara, 217 a wata, a cire 100 na yara biyu, ya zama wajen dala 117. Ya ninka na IBR kusan sau huɗu. Amma in ka biya a kan lokaci, ruwan da biyanka bai rufe ba ana share shi, kuma ana tabbatar uwar kuɗin ta ragu kowane wata, gwamnati na iya cikawa har dala 50. Bashin ba ya kumbura ke nan. A ɗaya gefen, yafiya sai bayan shekara 30, kuma babu biyan sifiri, ko ba ka da aiki sai ka ba da dala 10. A ganina, mai iyali da ƙaramin albashi irinka ya fara da IBR ya samu numfashi, in samu ya ƙaru ya sake lissafi. Ka kuma kiyaye wannan: wanda ya ci sabon bashin tarayya daga 1 ga Yuli 2026, ko ya haɗe tsofaffin basussukansa zuwa sabo bayan wannan ranar, ya fita daga sahun masu IBR. Kada wani ya sa ka sa hannu a takardar haɗewa ba ka tambayi abin da za ka rasa ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace tsada a lamarinka, kuma ba ka yi ta ba: wa ya mallaki gidan tsofaffin da kake aiki? In na gwamnati ne, ko na ƙungiyar da ba ta neman riba mai rajista da hukumar haraji, kana iya shiga PSLF, shirin yafe bashi ga masu yi wa jama'a hidima. Sharaɗinsa biya 120 a ƙarƙashin tsari irin IBR, kana aiki aƙalla awa 30 a mako a irin wannan wuri. Shekara goma ke nan, ba lallai a jere ba, kuma yafiyarsa ba haraji na tarayya a kanta. Ba a duba muƙaminka, mai shara a asibitin gwamnati da likita ɗaya suke a nan, wanda ke biyan albashin ake dubawa. Ka lissafa: dala 31 sau 120 bai kai 4,000 ba, ko da biyan zai ƙaru in albashi ya ƙaru. In gidan da kake na 'yan kasuwa ne, akwai asibitoci da gidajen kula da tsofaffi marasa neman riba da ke neman masu irin aikinka, kuma sauya wurin aiki a kan albashi ɗaya na iya zama daidai da an ba ka dubban daloli. Ɗauki takardar albashinka ta ƙarshen shekara, akwai lambar harajin wurin aikinka a jiki, ka saka ta a shafin PSLF, nan take zai nuna maka ko wurin ya cancanta. Ka riƙa tura takardar shaidar aiki kowace shekara, kada ka bari sai ta goma.

Na ce kada ka bari saboda tarihin shirin. An kafa shi a 2007, rukunin farko suka cika shekara goma a Oktoban 2017, aka ƙi kusan kashi 99 na waɗanda suka nema. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya sun yi shekara goma suna biya, sai a ƙarshe aka ce musu nau'in bashinsu ba shi ba ne, ko tsarin biyansu ba shi ba ne, abin da ba wanda ya gaya musu tun farko. Sai da aka sassauta ƙa'idoji a 2021 abin ya motsa, zuwa Oktoban 2024 waɗanda aka yafe wa suka haura miliyan ɗaya, daga kimanin 7,000. Haka tsarin biya daidai da samu: yana nan tun tsakiyar shekarun 1990, amma wani rahoto na 2021 ya gano mutum 32 kacal aka taɓa yafe wa ta wannan hanya, saboda ba a ma ƙirga watannin mutane daidai. Ka ajiye kowace takarda, ka ɗauki hoton kowane shafi, in ka yi waya ka rubuta rana da abin da aka ce maka.

In da ka riga ka wuce kwana 270, da hanya biyu ce. Ɗaya farfaɗo da bashi, ka yi biya tara cikin wata goma a kan adadin da aka auna da samunka, wanda ke iya sauka har dala 5, sai a goge tambarin taurin bashi daga tarihinka. Ɗayar haɗe bashin zuwa sabo, ta fi sauri amma tambarin na nan. Ba ka kai can ba, kada ka kai.

Akwai kuma yanayin da ake soke bashin ɗungurungum. Makaranta ta rufe kana cikin karatu, ko ta yaudare ka da ƙaryar samun aiki da ingancin shaidarta: bayan rugujewar makarantun kuɗi na kamfanin Corinthian a 2015, an soke dala biliyan 5.8 na ɗalibai 560,000 a 2022, an kuma yi wa ɗaliban makarantun kamfanin ITT makamancin haka. Baƙi da 'ya'yan talakawa irin waɗannan makarantun kuɗi suka fi farauta, in taka ta yi kama da su ka bincika. Naƙasa ta dindindin da ta hana aiki ita ma tana soke shi. Mutuwa haka nan: bashin tarayya ba ya hawa kan mata ko 'ya'ya, takardar shaidar rasuwa kawai za a kai. Na san wannan na damun mutanenmu ƙwarai, tsoron a bar wa magada nauyi.

Shelar karayar arziki a kotu, wadda ke wanke bashin katin banki da na asibiti, ba ta wanke na karatu sai an nuna wa alƙali ƙunci mai tsanani da ba a ga ranar fitarsa ba, ma'aunin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta shimfiɗa a 1987. A da in bashi ya shekara bakwai ana iya wanke shi, a 1998 aka toshe wannan, a 2005 aka shigar da bashin bankuna cikin toshewar. Tun Nuwamban 2022 an sauƙaƙa hanyar da takardar rantsuwa da lauyoyin gwamnati ke dubawa. Mai aiki da lafiya irinka, wanda IBR zai sauko da shi dala 31, ba tasa ba ce.

Mai dala 900 kuwa ɗan damfara ne. Babu wani abu da zai yi maka wanda ba za ka yi da kanka kyauta ba, kuma doka ta hana masu tallar rage bashi ta waya karɓar kuɗi kafin su yi aiki. Yadda suke yi, su karɓi lambar sirrinka, su sauya adireshi da imel zuwa nasu, su saka ka a ɗagewa, su riƙa cirar kuɗi daga asusunka duk wata kana zaton bashi kake biya. In ka riga ka ba shi wani bayani, sauya lambar sirrin yau, ka sanar da bankinka.

Komawa gida ba ta kashe bashin. Gaskiya ne da wuya a bi ka Kano ko Zariya a yanke maka albashi, amma ruwa zai ci gaba da taruwa, duk ranar da ka dawo yana jiran ka, fanshon da ka tara a can ma ana iya taɓa shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne kana iya zama a IBR kana Najeriya. Ka ci gaba da cike takardar harajin Amurka, albashin naira in an juya shi dala da wuya ya kai layin da muka lissafa, biyanka ya zama sifiri, shekaru na ƙirguwa, sunanka na da tsabta. In za ka koma don wani dalili, ka koma ta wannan hanya.

In kamfanin ya yi maka wasa da takarda, ko ya ƙi gyara kuskure, ka kai ƙorafi a rubuce ofishin sasanci na sashen tallafin ɗalibai, da CFPB, da ofishin babban lauyan jiharka. Ka sa haƙuri, domin a Maris 2025 an rage ma'aikatan Ma'aikatar Ilimi da kusan rabi, takardu kuma sun taru. Ofisoshin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi suna duba irin wannan kyauta.

Ka tambayi abin da doka ta ba ka, amma bari in faɗi ra'ayina a kan dokar kanta. A takarda, kariyar Amurka ba ta da laifi. Matsalarta ita ce kowace sai an nema, an cike, an sabunta, an bi sawu. Wa ke iya wannan? Mai ilimi, mai lokaci, mai Turanci. Wa ke faɗawa jerin masu taurin bashi? Bincike ya daɗe yana nuna ba likitoci da lauyoyi masu bashin dala dubu ɗari biyu ba ne. Akasari masu ƙaramin bashi ne da suka bar karatu ba su gama ba, ga bashi ba shaida, suna aiki biyu, takarda ta je tsohon adireshi. Mutumin da lissafinsa zai ba da sifiri a wata shi ne ake yanke wa albashi, don kawai bai cike fom ba, alhali gwamnatin da ke bin sa ita ke riƙe da bayanin harajinsa, ta san abin da yake samu. Ostireliya tun 1989 ta hanyar haraji take karɓar nata, Ingila ma daga albashi ake cirewa in ya wuce wani mataki, in ya sauka cirewar ta tsaya da kanta. A can ba a san kwana 270 ba.

Matsala ta biyu rashin tabbas. An yi shekaru ana ja-in-ja a kan yafiyar gama-gari ta dala 10,000, ko 20,000 ga waɗanda suka samu tallafin Pell na ɗalibai marasa ƙarfi, har Kotun Ƙoli ta rushe ta ranar 30 ga Yuni 2023 da alƙalai shida a kan uku. Mutane da yawa sun daina kula da bashinsu suna jiran ta. Bashi na shekara 20 ne, ƙa'ida kuma na sauyawa duk bayan zaɓe, ta yaya magidanci zai tsara rayuwarsa? Ga masu zuwa nan gaba ma an ƙara matsewa: bashin da za a ci daga Yulin 2027 ba shi da ɗagewar rashin aiki ko ta ƙuncin rayuwa, ɗagewar gama-gari kuma ba za ta wuce wata tara cikin shekara biyu ba. Masu kula da NELFUND, asusun bashin karatu na Najeriya, ya kamata su karanci wannan tarihi tun kafin lokacin karɓa ya zo. Dokar asusun ta 2024 ta fara da ƙafar dama: ba ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 ake cira daga albashi. Amma wanda bai samu aiki ba sai ya kai takardar rantsuwa kafin a ɗaga masa ƙafa, kuma a ƙasar da yawancin matasa ke sana'ar da ba ta da takardar albashi, a wannan gaɓar ce za a gane ko kariyar ta isa ga mai buƙatarta.

Saura ƙaninka. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ba ya samun bashin tarayya, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu kaɗan. Nasa na banki zai zama, kuma duk abin da na lissafa a sama, IBR da PSLF da biyan sifiri, babu ko ɗaya a ciki. Tsaya wa mutum a wurin banki ba shaida ba ce, cin bashin ne: ya makara wata ɗaya, kai za a nema, a tarihinka za a rubuta. Ka duba ma yadda abin yake, bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako a cikin makaranta, bayan kammalawa yana da shekara ɗaya ta aiki, ko uku in fannin kimiyya da fasaha ne, in bai samu mai riƙe shi ba ya koma gida yana samun naira ana bin sa dala. Ana cewa za a cire sunan mai tsayawa bayan an yi wasu biya a kan lokaci, amma CFPB ta gano a 2015 cewa kashi 90 na masu neman a cire su an ƙi. Da makin kiredit ɗinka na yanzu, bankin ma zai iya ƙin ka, ko ya karɓe ka da ruwa mai tsada wanda ƙanin naka zai ɗauka.

Na san nauyin a ce wa ƙani a'a, da abin da za a faɗa a gida. Ka gaya wa iyayenku gaskiyar halin da kake ciki, da lambobi. Shi kuma ya nemi gurbin da ke zuwa da aikin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike, wanda ke ɗauke kuɗin makaranta ya ba da ɗan albashi, ko da hakan na nufin ya jira zangon gaba ko ya sauya jami'a. Akwai kamfanoni irin MPOWER da Prodigy Finance da ke ba ɗaliban waje bashi ba mai tsayawa, ruwansu na da yawa, amma nauyin na kansa shi kaɗai. In duk da haka ka ga sai ka tsaya masa, to ba yanzu ba, sai naka ya daidaita, kuma kafin ka sa hannu a nuna maka a rubuce ko ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka, biya nawa ake yi kafin a cire sunanka, da abin da za a yi in ya rasa aiki ko ya koma gida.